Ƙafar Yero da Wanzamin Ƙarfe

Allura ta goma sha biyu ta shiga ƙwaurin Yero, shi kuwa yana kallon kwanon rufi.

Matarsa Hamsatu tana hange ta taga, don ba a barin mata su shiga ɗakin jinyar maza. Abin da mutanen Bagudo suka raɗa wa suna Wanzamin Ƙarfe na'ura ce fara mai hannu guda. Ta lalubi jijiya da wata jar fitila, ta soka allura siririya kamar gashin wutsiyar saniya, sannan ta sakar mata wutar lantarki kaɗan. Wata ƙungiya ce ta kawo ta a babbar mota. Kwana goma za ta yi, ta tsallaka Benin.

"Ka ji zafi?" in ji na'urar, da Hausar rediyo.

"A'a," in ji Yero.

Ta ƙara wutar.

Wata huɗu ke nan da ƙafarsa ta hagu ta mutu. Ya faɗi ne a fadamar Kaoje yana tsallakar da shanu, ko da aka ɗago shi ƙafar ta zama kamar ba tasa ba. An yi ƙaho, an yi sakiya, an sha rubutu, shiru. Yero fa, wanda ya sha bulala tara a sharo yana duban madubi yana gyaran gashin baki! Yanzu sai an ciccibe shi an ɗora a kan babur.

Nan da mako uku za a tashi da garke zuwa hayin iyaka, kuma dattawa sun gama magana. In ya taka, shi ne a gaba da sandarsa. In bai taka ba, ƙannen Hamsatu su kora shanunsa, shi a bar shi a garinsu Bahindi a bakin bukka.

Dokar wurin jinyar ita ce kowane majinyaci ya shiga da namiji guda. Yero ba shi da ɗan'uwa a kusa, sai Baffa Ango, mahaifin Hamsatu, ya ce shi da kansa zai raka surukinsa. Karamci ne babba, kowa ya yaba. Tsohon ya zauna a kujera daidai kan Yero yana jan carbi. Shekara takwas da auren, Yero bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko haɗa ido ba su yi.

Rana ta biyu allura goma sha shida. Fanka na juyawa, amma zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Hamsatu ta ce zafin gari ne. Da suka koma masauki ya ture tuwo, nono mai sanyi kawai ya kurɓa a hankali, ya juya fuska ga bango. Ba ta tambaye shi komai ba. Ita ma ta daɗe da daina jin abubuwa, tashi kawai take ta yi abin da rana ta kawo.

Rana ta uku na'urar ta kai wutar maƙura. Ta taga ma ana ganin naman cinyar yana rawa.

"Ka ji zafi?"

"A'a."

Baffa Ango ya gyaɗa kai. Na'urar ta zare allurorinta ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da takarda.

Wata ma'aikaciya mai suna Ummu Salma ta ja Hamsatu gefe, bayan tankin ruwa. "Yaya, sai haƙuri. Wanda ya ji zafi, jijiyarsa na da rai, da shi ake ci gaba har ya taka. Maigidanki an tambaye shi sau arba'in da huɗu. Jijiyar ta mutu."

Kafin su fita har an kwantar da wani masunci a gadon. Allurar farko ya kurma ihu yana kiran uwarsa, ma'aikatan suka yi ta tafi suna yi masa barka.

Hamsatu ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar ta soke a bakin zane. Ta gaya wa mahaifinta, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Shi Yero sai ta ce masa an ce ya je gida ya huta. Wallahi bakinta ne ya kasa ɗaukar sauran.

A Bahindi ya koma shimfiɗarsa. Har yanzu nono kawai yake iya sha. Sau biyu ya tambaye ta yaushe za a koma Bagudo, ta ce ba a sa rana ba. Wani ɗan acaɓa ne ya ba ta labari a kasuwa cewa motar ta tsallaka iyaka tun Talata, ba wanda ya san garin da ta nufa.

Ran da ƙannenta suka zo ware shanu, da hantsi, ta kawo wa Yero ƙwaryar nono ta durƙusa. Ana jin kukan bijiminsa daga bayan shinge. Ta faɗa masa duka, murya ba hawa ba sauka, kamar mai ba da labarin mutanen wani gari.

"Sun ce da ka ji zafi ko sau guda, da sun riƙe ka."

Yero ya ajiye ludayin. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"So ake in ji?"

"So ake ka ji."

Ya sa yatsa ya jawo leɓensa na ƙasa. Ciki duk a yayyage yake, sawun haƙora a jere, wasu ba su ko rufe ba.

"Tun allurar farko nike ji," in ji shi. "Amma Baffa na zaune."