Akwatin Da Ke Ɗaukewa Bayan La'asar

Tsaya, Malam Tanimu, sha ruwa tukuna. Tun da ka zauna kake jero mini mutanen da ka ce sun sa wa sana'arka hannu, kuma duk na nesa ne. Bari in ba ka wani misali, wallahi ni kaina in na tuna shi sai na dara.

Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta, 'yarsa tilo tana aure a wata ƙasa mai nisa, inda safiyarsu ke dacewa da la'asar ɗinmu. Surukinsa ya sa aka ja masa wayar intanet daga turken bakin titi har cikin ɗaki, aka ajiye masa ɗan akwatin nan mai ƙananan fitilu da ake kira modem. Kullum in ya idar da la'asar, sai shi da uwargidansa su kira 'yar su ga fuskarta. Ran nan suna tsakiyar hira akwatin ya mutu, ya sake tashi don kansa. Da ya buga wa kamfani waya suka ce ai su ne, daga ofis suke sabunta manhajar da ke cikinsa, ba sa tambayar mai gida, kuma in ya ga haka kada ya taɓa, minti goma ne. Abin ya tsaya wa tsoho a rai: akwati a ɗakinsa, linzami a hannun wasu. Daga ranar kamfani ya shiga uku, ko fitilar akwatin ce ta ƙifta sai ya ce su ne. Ana nan Allah ya sauki 'yar lafiya, aka samu namiji, aka ce sunan kakan za a sa masa, kuma shi da bakinsa zai yi addu'a ya raɗa sunan ta waya. Kai, ka ga murna wurin tsohon nan! Babu gidan da bai shiga ba a unguwar yana ba da labari, har da mai kayan miya ya tare a hanya. To a makon ne kuma akwati ya tsiro da sabon hali. Za a fara kira lafiya lau, minti goma sai fitila ta koma ja, hoto ya daskare da jinjiri baki buɗe. Ya zare ya mayar, ya hura masa iska, ya canza soket, har fanka ya kafa masa wai ko zafi ne, a banza. Ya saɓi babbar riga ya tafi ofishin kamfani ya daki tebur. Ma'aikaciyar ta duba ta ce masa, cikin ladabi, rabonsu da taɓa akwatinsa wata biyu ke nan, matsalar daga wajensa take. Ya ce mata ai ɓarawo ba ya cewa shi ne. Ya dawo gida cike da tsoro, don abin da yake hangowa shi ne dangin miji sun taru, ya buɗe baki zai faɗi sunan, ya daskare a gabansu.

Ana gobe suna abin ya sake ɗaukewa. Ya fito tsakar gida a fusace da niyyar ya sake buga wa kamfani waya ya wanke su tas, ya ɗaga kai sama yana salati, sai idonsa ya sauka kan wayar. Tantabarunsa ne, sun kai arba'in, sun jeru reras a kanta suna gyaran fiffike, wayar ta lanƙwaso kamar igiyar shanya. Ka san me? Al'adarsa ce yana sallame sallah ya watsa musu dawa, sannan ya shiga ɗaki ya yi kira. Su kuma in sun cika ciki sai su tashi su hau waya su huta. Da ba su da yawa, yanzu sun hayayyafa, nauyinsu kuwa ya sassauta bakin wayar inda ta shiga bango. Tsoho ya tafa hannu da ƙarfi, suka watse fir, sai ga muryar uwargida daga ɗaki: "Malam, intanet ta dawo!" Bai yarda ba. Ya tsaya suka sake sauka, ta ce ta ɗauke. Ya tafa, ta ce ta dawo. Sau uku yana gwadawa, yana dariya har hularsa ta faɗi, uwargida tana leƙowa tana tambaya ko lafiya. Nan take ya hau turmi ya murɗa bakin wayar ya ɗaure tam, ya tokare tsakiyarta da gora. Washegari bai watsa ko ƙwaya ba, ya kulle tantabarun a ɗakinsu tun azahar. Dangi suka taru a can, maƙwabta suka cika ɗaki a nan, ya yi addu'arsa doguwa har ƙarshe, ya faɗi sunansa da bakinsa a kunnen jikansa, fitilar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Mako guda yana zagin mutanen da ba su ci ba ba su sha ba, alhali da hannunsa yake watsa dawar. Don haka kafin ka sake kiran sunan wani, fita ka ɗaga kai a tsakar gidanka. Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.