Man Sitiyarin Motar Sabo

Kwana tara da binne Sabo, Badaru ya ɗauki jakar sifanoninsa ya nufi gindin ɗorawar da motar ta daka a hanyar Watari. Ba gyara ya je yi ba, domin a-kori-kurar ta wuce gyara. So yake ya sani ko hannunsa ne ya kashe ƙaninsa.

Shekara ashirin Badaru yana kanikanci a Bagwai, ba a taɓa dawo masa da aiki sau biyu ba sai a kan motar ɗan'uwansa. Sau uku Sabo yana kawo ta da kuka ɗaya: man sitiyari yana raguwa, famfo yana kuka in an murɗa kwana. Karon farko Badaru ya ɗaure bakin tiyo. Karo na biyu ya sake tiyon ɗungurungum. Karo na uku ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, ta wuni a kai, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Ranar suka yi cacar baki a ƙofar gida, abin da ba su taɓa yi ba. Sabo ya ce yayansa ya tsufa, ido ya tafi. Badaru ya ce wanda bai san darajar mota ba shi ke zargin bakanike. Mahaifinsu, Malam Nababa, yana zaune a kan dakali ya miƙe ƙafa ɗaya, sai da ya buga sandarsa a ƙasa suka yi shiru. Tsohon ba ya son jin 'ya'yansa suna sa-in-sa, musamman a kan motar da ke ci da gidan duka. A shekarun nan da kwanon masara ya gagari mai noma ta, shi da kansa yake ɗingisawa kowace safiya ya goge mata jiki kafin Sabo ya gama karyawa.

Abin mamaki, daga ranar man ya daina raguwa. Sabo yakan leƙa robar man ya gan ta cike, har ya zo ya ba yayansa haƙuri. Mako biyu bayan haka ya ɗauko tumatir kwando talatin daga Watari. Waɗanda ke gona a kusa sun ce sun gan shi a kwanar ɗorawar nan ya rungume sitiyari da hannu biyu yana kokawa da shi, motar kuwa ta miƙe abinta.

Mutane ba sa faɗa a gaban Badaru, amma garejinsa ya faɗa masa. Direbobin Ɗambatta da suka saba tsayawa suka riƙa wucewa da ɗaga hannu. Asiya, matar marigayin, in ya yi sallama sai ta amsa wa bango. Wannan ya fi komai ci masa rai, don shi ma a zuciyarsa bai wanke kansa ba.

Da Badaru ya isa gindin ɗorawar, ya ɓanɓare bonet ɗin da ƙarfen taya. Bel yana nan daram. Tiyon da ya sa da hannunsa a bushe yake, ɗaurinsa bai motsa ba. Ya bi layin man da yatsa tun daga famfo har ƙasa, babu tsaga, babu jiƙa. Sannan ya buɗe murfin robar man ya tsoma tsinke.

Man sitiyari ja ne garau, kamar zoɓo. Abin da ya biyo tsinken fari-fari ne mai kumfa, kamar an dama koko. Badaru ya kwance famfon ya fasa shi a kan dutse, ya tarar cikinsa ya yi tsatsa ya cinye kansa. Ruwa ne. Ba ruwan sama ba, don murfin a rufe yake gam, kuma rani ake. Wani ne yake zuƙe man, yana mayar da ruwa.

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, rabi na baƙin ciki, rabi na sauƙin da ya ji kunyar jin sa. Ba shi ba ne. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ya san akwai masu jin haushin yadda manoman Watari suka fi ba Sabo lodi. Kafin ya isa gida ya tsaya a tasha, ya ɗaga famfon sama a gaban kowa, ya rantse da Allah ko wane ne sai ya ga bayansa, ko da garejin zai sayar.

Ya sami mahaifinsa a zaure shi kaɗai, ya rame ya zama kamar kara. Badaru ya durƙusa, yana neman ta inda zai fara ba shi labarin, sai tsohon ya riga shi.

"Badaru, wata alfarma zan roƙa. Ban so ɗora muku nauyin asibiti ba, ga halin da ake ciki."

"Faɗi, Baba."

Malam Nababa ya janye bakin wandonsa, ya kwance tsumman da ke ƙwaurinsa. Gyambo ne ya ci rami, gefensa yana ƙyalli da wani jan maiƙo.

"An ce mini man mota yana busar da shi, kuma wallahi na fara jin dama. Ka samo mini irin jan nan a garejinka. Da can a motar marigayi nake ɗiba da sirinji, da na ji kuna faɗa a kan yana raguwa sai na riƙa cika masa da ruwa don ku zauna lafiya."