Gashin Bakin Manjo Radomir

A unguwarmu ta gefen birnin Niš ba wanda ya taɓa ganin leɓen Manjo Radomir na sama. Shekara arba'in gashin baki ya rufe shi, murɗaɗɗe ta gefe biyu, ana shafa masa mai kowace safiya. Ranar Talata, a gidan shan kofi, Radomir ya sa gashin bakin a caca.

Ljubiša mai aski ne ya ja shi. Ya ce akwai wasan yaƙi a kwamfuta da ba a jiran juna kamar dara: kana noma, kana sare itace, kana gina ganuwa, abokin gaba kuma yana tafe, duk a lokaci guda. Ya ce shekara ashirin yana bugawa.

"Ba wasan tsofaffin ma'aikatan sito ba ne, maƙwabci," in ji shi.

Gaskiya ne, aikin Radomir a soja raba takalma ne. Abin da ya sa maganar ta yi masa zafi ke nan. Aka tsayar da ranar Lahadi da la'asar, kowa daga gidansa. In Radomir ya faɗi, reza za ta hau gashin baki. In Ljubiša ya faɗi, zai aske kansa ƙwal da hannunsa.

Matar Radomir, Slavica, ta yi shekara talatin tana tsara shige da ficen jiragen ƙasa kafin ritaya. Ita ta saka masa wasan, ta zauna kusa da shi da haƙuri.

"Ka fara da kwamfuta a mataki mafi sauƙi, Rade. Kuma manoma ake fara yi, ba mahaya ba. Sojan da bai ci ba ba ya yaƙi."

"Ni za ki koya wa soja?" ya ce, yana murza gashin baki cikin miyar da ta zuba masa. Ta miƙa masa tsumma.

Wasan ya kama shi sosai, wannan dole a faɗa. Karo na farko a rayuwarsa ya ce a tafi, mutum ɗari suka tafi. Amma kwana biyar ya yi yana gina hasumiya ɗaya a kudu, inda ya rantse Ljubiša zai ɓullo. Arewa ya bar ta a buɗe, kuma ya bayyana wa Slavica dalilin sau uku.

Lahadi ta zo. Lokacin gasa tattasai ne, Slavica ta shiga kicin ta rufe ƙofa don kada hayaƙi ya dame shi. Radomir ya sa tsohuwar hularsa ta soja, ya kama linzamin kwamfuta.

Minti goma sha biyu, mahaya suka shigo ta arewa. Suka bi manomansa shida ɗaya bayan ɗaya. Ya tura dakarunsa, suka tarar maharan sun bar wurin. Ƙarfe huɗu daidai ya miƙe ya haɗiyi maganin hawan jini kamar kullum, kafin ya dawo an kunna wa rumbunsa wuta. Gida ya cika da ƙauri, ya ɗauka tsabar kyawun wasan ne.

Kafin huɗu da rabi ba abin da ya rage masa sai hasumiyar kudu, tsaye ƙiƙam, ba wanda ya ko kalle ta.

Litinin da safe rabin unguwa ya taru a shagon aski. Radomir ya zauna kamar wanda za a cire wa haƙori. Na ji tausayinsa, ko da yake ni ma na tsaya a gaba don in gani da kyau. Reza ta wuce sau huɗu, leɓen ya fito fari fat, ɗan ƙarami.

Radomir ya daɗe yana kallon madubi. Can ya miƙa hannu, kamar yadda soja ke yi.

"Ka iya yaƙi, maƙwabci. Yaya aka yi ka san arewa?"

Ljubiša ya goge reza a tawul.

"Wace arewa? Ni ko kwamfuta ba ni da ita, Slavica ce ta ce in tsokane ka kawai in wasa reza, sauran aikin nata ne da kwamfutarta a kicin."