Mabuɗi Tara

Sandar farko a kafaɗa ta same shi, ta biyu ta fasa masa gira. Imurana ya kife kan babur ɗinsa, rana tsaka, a layin masu walda na unguwar Aboabo.

Ziblim mai walda ne a gaban taron, adda a hannu. Da safen nan katafila ta rushe ɗaki biyun da ya shekara huɗu yana ginawa, aka nuna masa a waya wai fulotin ya koma sunan wani baƙo.

"Kai ka kawo mana abin nan, ɗan Dubai," in ji Ziblim. "Ka ce ba shi da mai shi."

Haka kuwa ya ce. Bayan shekara bakwai a waje, ya dawo ya tarar ƙungiyar masu walda ta sayi fili a bayan gari, kullum rigimar takardu. Ya ce a bar takarda, a zuba komai a bulokcen, rajistar intanet da ba ta hannun mutum ɗaya. Mabuɗi tara, mutum tara, daga unguwar Tishigu har ta Changli, kuma sunan mai fuloti ba ya canzawa sai biyar sun yarda. Kowa ya rubuta kalmomin sirrin mabuɗinsa, Imurana ya liƙe a ambulan, ya sa lamba da jan biro, ya ce a adana inda ya fi ko'ina aminci.

"Mu takwas mun dafa Alƙur'ani," in ji Basit, ma'ajin ƙungiya, yana taka masa yatsu. "Tun ranar ba wanda ya sake buɗe nasa. Saura kai."

Imurana ya tofar da haƙori. Ya so ya ce mabuɗi ɗaya ba ya komai, amma wa zai tsaya lissafi? Adda ta tashi.

Wani hannu ya tare ta. Alhaji Abdul-Aziz ne, kawun Imurana, dattijon da ya ƙi karɓar mabuɗi tun farko, wai ina shi ina waya. Shekara talatin unguwa na kai masa ajiya, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Shi ya sa Imurana ma can ya kai nasa.

"Ku bar min shi zuwa la'asar," in ji Alhaji. Ba wanda ya musa.

A ɗakin Alhaji, Imurana ya ce, "Kawu, ba ni ambulan ɗina. Su gani da idonsu, a liƙe yake."

"Fara wanke jinin nan tukuna. Bari in kawo ruwa."

Alhaji na fita, Imurana ya kasa jira. A waje an fara jifan ƙofa. Ya ja akwatin ƙarfen da Alhaji ke ajiya a ciki daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga murfi.

Nasa ne a sama, lamba bakwai da jan biro, a ƙarƙashinsa kuma sauran takwas ɗin, duka an tsaga bakinsu da reza. Mabuɗi tara, a hannun Alhaji shi kaɗai.