Itacen da Aka Datse wa Kai

Wata mata ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. A kasuwar wani gari ne na kan dutse, inda sanyi ba ya ƙarewa, yana tsugune gaban 'yan itatuwan dashe. Ya miƙa mata ɗaya mai ganye siri-siri kamar allura, ya ce irin na ƙasashen sanyi ne, rani da damina ba ya kaɗe ganye. "Ki ba shi ruwa, ki bar masa kansa," in ji shi. Da suka yi aure ta dasa shi a tsakar gida. Ta yi masa shinge saboda awaki, ta rufe gindinsa da ciyawa, da rani ta riƙa raba ruwan tulunta da shi. Itacen ya miƙe sambal, ya wuce katanga, ya wuce soro, har baƙi suna gane unguwar da shi. Mijin ya rasu, itacen yana nan kore shar, in iska ta ratsa shi sai ka ji kamar ana rarrashi.

Sai dai inuwarsa siririya ce, da kyar take rufe tabarma ɗaya. Masu zuwa gaishe ta suka yi ta cewa, "Wannan dogon banza fa? Datse masa kai kamar darbejiya, ya baza rassa ki samu inuwa." Yau da gobe maganar ta zauna mata, ta kira mai gatari. To, darbejiya in an datse ta sai ta tofo ninki, wannan kuwa ta kai yake girma. Ƙaro ya yi ta zuba daga wurin saran, ruwan sama ya shiga, cikinsa ya ruɓe. Ganyen ya koma ja, ya zube ya cika tsakar gida, kuma cikin masu shawarar ba wanda ya zo taya ta shara. Da damina ta zagayo, iska ta kayar da shi, ya tafi da katangar.

A gefen kututturen ta tsinci ɗan tsiro irinsa, bai kai yatsa ba. Ta durƙusa, ta ce a fili, kamar marigayi mijinta yana jin ta, "Malam, na yi maka alkawari, ko inuwar wannan ba ta wuce tafin hannu ba, ƙarfe ba zai taɓa kansa ba." Ta faɗa ne tana sane cewa ba za ta ga ranar da zai wuce soro ba.

Kin ji, 'yar'uwa mai sauraro. Garin neman gira aka rasa ido.