Muryar Levi

"Kunna mini in ji ɗana," in ji Mama Milka, tana yanka ɗanyar citta a tsakar gida.

Faustina ta danna waya. Muryar yayanta Levi ta fito tar: "Mama, ina wuni? Legas lafiya, aiki ne ya riƙe ni. Ki riƙa shan maganinki."

Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tare motar su Levi kusa da Jere, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Likita ya ce hawan jinin Mama ba zai ɗauki labarin ba. Sai wani abokin aikin Faustina a Kafanchan ya nuna mata manhajar AI mai kwaikwayon murya, ta loda mata tsofaffin saƙonnin Levi. Kowace Lahadi bayan sujada, ita ke rubuta maganar, manhaja ta faɗa.

Yau kam ta kasa daurewa. Ta durƙusa tana kuka. "Mama, ki gafarta mini. Ba Levi ba ne."

Mama ba ta ajiye wuƙar ba. "Tun ranar farko na sani. Yaushe Levi ya taɓa gaishe ni da Hausa? Da Jju yake min magana tun yana rarrafe. Abin nan naku bai iya yarenmu ba."

"To, me ya sa kika yi shiru?"

"Ranar Lahadi kaɗai nake ganin kin ci abinci, 'yata." Ta share ido da bakin zane. "Sake kunna mana shi."