Ƙurar Mars da Garin Tuwo

A gaban iyayen yara, Malam Uwaisu, malamin kimiyya, ya tura 'yar motar da ya ƙera da gwangwanin madara da mayen ƙarfe cikin jar ƙasar da ya ɗebo a hanyar Baure. Hedimasta ya riga ya gaya masa, in iyayen yara ba su gamsu ba yau, za a rufe kulob ɗin kimiyya.

"Haka ake yi a duniyar Mars," in ji shi. "Na'urar da aka saukar can tana ɗauke da mayen ƙarfe. Ƙurarsu akwai ƙarfe a ciki, sai ta manne, masana su duba."

Ya ɗaga motar. Abin da ta kamo bai isa kwallin ido ɗaya ba. Wani dattijo ya yi hamma.

"To, mu gwada da abin da babu ƙarfe, ku ga bambanci." Ya juye garin dawar da ya ɗebo a gida, ya tura motar ciki.

Ta fito da baƙin gemu.

Hajiya Fadila, shugabar iyaye mata, ta gyara tabarau. "Malam, wannan fa?"

"Ƙarfe ne, Hajiya. Injin niƙa ne ke cin kansa yana zubawa a gari."

"A ina aka niƙa?"

 Inji ɗaya ne a unguwar, can kowa ke kai niƙa, kuma na Malam Uwaisu ne.

Babu wanda ya ce a rufe kulob. Hajiya ma da kanta ta zaɓa wa na'urar duniyar da za ta fara sauka: shagon niƙan Malam, gobe da safe.